Gurasa Da Rayuwa: Yadda A Ke Koya Wa Iyalai Cin Abinci Mai Gina Jiki A Alƙahira

Duk baƙon da ya kwana a Alƙahira, babban birnin ƙasar Masar, abin da zai fara gani da sassafe shi ne samari bisa kekuna, kowanne ɗauke da wani dogon faifan katako a ka, an jera masa gurasa fal, hannu ɗaya riƙe da faifan, ɗayan kuwa riƙe da kan keke, suna kutsawa tsakanin motoci. A bakin kowane lungu kuma akwai mai amalanke da wata babbar tukunya mai ƙaramin baki, wadda wake ya kwana yana dahuwa a cikinta. Wannan wake shi a ke kira ful, shi da gurasa kuwa su ne karin kumallon talaka da mai hali a birnin nan da mutanensa, in an haɗa da na kewaye, suka haura miliyan 20.

A yawancin ƙasashen Larabawa sunan gurasa shi ne khubz. Amma mutanen Masar aish su ke ce mata, watau rayuwa. Wadda talakawa ke ci, aish baladi, kewayayya ce mai dusa a jiki, ta yi kama ƙwarai da gurasar da a ke gasawa a Kano. Ƙasar da ta kira gurasa rayuwa ta daɗe da ƙudurta cewa ba za ta bar kowa ya rasa ta ba, kuma a wannan fanni ta yi nasara. Sai dai likitocin Masar sun gano cewa yaro ya kan ƙoshi kullum, amma duk da haka jikinsa ya ƙi ginuwa. Dalilin da ya sa ke nan a ke ta ƙoƙarin kai ilmin abinci har cikin ɗakin girkin kowace uwa.

Yadda Gwamnati Ke Ciyar Da Jama'a

Tun cikin shekarar 1941, zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin Masar ta fara rabon kayan masarufi da kati. Bayan juyin mulkin 1952 al'amarin ya ƙara faɗi, har ya zama tamkar alkawari tsakanin masu mulki da talakawa. A watan Janairu na 1977 gwamnatin Shugaba Anwar Sadat ta gwada janye rangwamen da ta ke yi a kan wasu kayayyaki, irin su gari da shinkafa da sukari. Jama'a suka fantsama bisa tituna a Alƙahira da sauran birane, mutane fiye da 70 suka rasa rayukansu, cikin kwana biyu gwamnati ta janye maganarta. Tun daga ran nan kowane mai mulki ya ke taka-tsantsan da farashin gurasa. Daga ƙarshen shekarun 1980 har zuwa watan Yuni na 2024 ƙirshi 5 a ke sayar da ita, sa'an nan aka mai da ita ƙirshi 20. Ƙirshi 100 ne ke yin fam guda na Masar.

A 2014 aka shigo da katin zamani, wanda ya ba kowane mai rajista damar sayen gurasa 5 a rana a kan wannan farashi. Mutum wajen miliyan 70 ke cin moriyar tsarin, a ƙasar da jama'arta suka wuce miliyan 100 tun 2020. Ban da gurasa, katin ya kan ba iyali damar karɓar man girki da sukari da taliya da makamantansu. Saboda haka ne Masar ta zama ɗaya daga cikin ƙasashen da suka fi kowa sayen alkama daga waje, galibi daga Rasha da Yukren.

Ƙoshi Daban, Lafiya Daban

Abin da tsarin nan ya arahantar shi ne abinci mai ba da ƙarfi: gari da mai da sukari. Abin da ya bari da tsada kuwa shi ne mai gina jiki da mai tsare shi daga cuta: nama da kifi da ƙwai da madara da 'ya'yan itatuwa. Uwar da kuɗin cefanenta bai taka kara ya karya ba, ba ta da laifi in ta cika tukunya da abin da ya fi araha. A 2016 Cibiyar Binciken Manufofin Abinci ta Duniya, mai hedkwata a birnin Washinton, ta buga wani nazari inda ta nuna cewa tsohon tsarin rangwamen yana da hannu wajen yawaitar ƙiba a biranen Masar, kuma bai magance rashin ginuwar yara ba.

Ƙididdigar lafiyar iyali da aka yi a ƙasar a 2014 ta nuna cewa yara 21 cikin 100 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, watau tsawonsu bai kai na sa'o'insu ba, alhali kuwa kusan rabin matan aure suna fama da ƙiba mai cutarwa. Sau da yawa a gida ɗaya a kan sami uwa mai teɓa da ɗanta tsumburarre, daga tukunya ɗaya su ke ci. Da aka sake ƙididdigar a 2021 an ga tsumburewa ta ragu zuwa wajen 13 cikin 100, abin farin ciki, gama a 2008 ta kai 29. Amma ƙarancin jini tsakanin ƙananan yara ya tashi daga 27 zuwa 43 cikin 100. Daɗin daɗawa, a shekarar nan ta 2021 Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta cewa manya kusan miliyan 11 ke da ciwon a Masar.

Hasarar ba ta tsaya a asibiti ba. Yaron da ya tsumbure cikin kwana 1,000 na farko, watau daga shigar cikinsa har ya cika shekara 2, da wuya ya rama abin da ya rasa, ko a tsawo ko a kaifin ƙwaƙwalwa. Wani nazari da aka fitar a 2013, da haɗin gwiwar Tarayyar Afirka da Hukumar Abinci ta Duniya, ya ƙiyasta cewa rashin ginuwar yara ya jawo wa Masar hasarar fam biliyan 20.3 a shekarar 2009 kaɗai, kusan kashi 2 cikin 100 na dukan abin da ƙasar ta samar.

Daga Littafi Zuwa Rediyo Da Talabijin

Koyar da matan Alƙahira sha'anin abinci ba sabon abu ba ne. A 1926 Ma'aikatar Ilmi ta aika da wata budurwa, Nazira Nikola, zuwa Ingila don ta koyi ilmin kula da gida. Bayan ta komo, ita da abokiyar aikinta Bahiya Usman suka wallafa littafin Usul al-Tahyi a 1941, wanda aka yi ta sake bugawa shekaru da yawa, har ya zama kusan ba a kai amarya ɗakinta sai da shi. Abla Nazira, kamar yadda kowa ke kiranta, ta kuma riƙa ba da gudummawa a wani shirin rediyon Alƙahira mai suna Zuwa Ga Matan Gida. Ta haka darasinta ya isa ga matan da ba su iya karatu ba. A 1955 kuma aka kafa Cibiyar Abinci Mai Gina Jiki ta Ƙasa, wadda ke kan titin Ƙasr al-Aini, aikinta shi ne binciken abin da jama'a ke ci, da horad da ma'aikata, da ba gwamnati shawara.

Babbar shaidar cewa ilmi na iya ceton rai ta zo ne cikin shekarun 1980. A lokacin zawo shi ne babban mai kashe jarirai a Masar. Aka kafa wani shiri na ƙasa don koya wa iyaye mata haɗa ruwan gishiri da sukari, wanda Masarawa ke kira mahlul. Aka ƙulla garin maganin cikin 'yan ƙananan ƙunshi daidai da kofi guda, aka rarraba shi a ɗakunan shan magani da kantunan sayar da magani. Sa'an nan aka ɗauko wata shahararriyar 'yar wasan kwaikwayo, Karima Mukhtar, wadda jama'a suka saba ganinta tana fitowa a matsayin uwa, ta riƙa bayyana a talabijin tana yi wa mata bayani da irin Larabcin da a ke yi a tsakar gida. Cikin 'yan shekaru da wuya a sami uwar da ba ta san mahlul ba, kuma tsakanin 1983 da 1987 mutuwar jarirai ta dalilin zawo ta ragu da fiye da rabi. Abu uku suka haɗu: saƙo guda mai sauƙi, bakin da aka yarda da shi, da kuma kayan da ke kusa, mai araha.

A azumin 2011 aka sake ganin irin wannan. Wata tashar talabijin mai suna 25 ta ba wata mata, Ghaliya Mahmud, shirin girki. Ita ba likita ba ce, ba kuma ta yi makarantar girki ba. Daga unguwar talakawa ta Warraƙ ta fito, a gidajen masu hali ta ke aikin dafa abinci. Sauran shirye-shiryen girki na lokacin su kan nuna abincin da talaka bai taɓa gani ba. Ita kuwa sai ta zo da tukwanen sanholo irin na kowa, tana dafa wake da adas da kabeji da gauta, tana faɗin kuɗin kowane abu, tana nuna yadda a ke sarrafa saura don kada a zubar. Nan da nan sunanta ya game gari, domin mata sun ga wadda ta san nauyin cefane irin nasu.

Masu Bi Gida-Gida

Rediyo da talabijin su kan faɗakar, amma ba su ganin abin da ke cikin tukunya. Wannan aikin wasu mata ne da a ke kira ra'idat, watau jagorori. A cikin unguwa a ke zaɓen su, a horad da su, su riƙa bi gida-gida suna duba masu ciki da masu jego, suna tura su awo, suna kuma tara su a ɗakin shan magani don a yi darasi. Da ya ke 'yan unguwa ne, su kan shiga inda baƙo ba ya shiga, su kuma ji abin da ba a gaya wa likita.

Abin da su ke tararwa kuwa yana da ban mamaki. Wani bincike da aka buga a 2015, wanda aka yi a lardin Ƙalyubiyya da ke arewa da Alƙahira da kuma lardin Sohaj a kudancin ƙasar, ya nuna cewa iyaye da yawa suna ɗaukar biskit da kek na kanti da soyayyen dankali na leda a matsayin abinci marar nauyi da ya dace da cikin yaro, alhali suna jinkirta ba shi nama da sauran abincin gida don tsoron kada ya ɓata masa ciki. A kan kuma ɗura wa jarirai shayi da jiƙon ganyaye tun suna 'yan makonni. Ba rashin so ne ya jawo haka ba. Abin da suka gada ke nan, ko suka gani a talla. Sau da yawa kuma kaka ce ke da ta cewa a kan abin da jariri zai ci, don haka mai hikima cikin jagororin ba ta yin darasi sai da uwar miji a zaune.

Darasin da kansa ba shi da wuya. A sa jariri a nono da zarar an haife shi, kada a zubar da dakashi. A ba shi nonon uwa zalla har wata 6, ko ruwa ba ya bukata. A Masar jarirai wajen 40 cikin 100 ne kaɗai ke samun haka. Daga wata 6 a fara ba shi abincin gida mai kauri, da ƙwai ko hanta ko wake da aka dama, a ci gaba da nono har shekara 2. A rage sukari a shayi, a rage suya, a wanke hannu kafin a taɓa abincin yaro.

Tukunyar Gargajiya Ta Ishe Su

Abin da ke sauƙaƙa aikin shi ne, abincin gargajiyar Masar mai kyau ne tun asali. Idan aka haɗa wake da hatsi, abin da ɗaya ya rasa na sinadarin gina jiki sai ɗayan ya cike, don haka ful da gurasa sun yi daidai da juna, kamar yadda shinkafa da wake ko ɗanwake su ke a ƙasar Hausa. Ta'amiyya, wadda a ke yi da niƙaƙƙen ful da ganyaye, 'yar'uwar ƙosai ce. Kushari, abincin da Alƙahira ta yi suna da shi, shinkafa ce da taliya da adas, wani ɗan ƙaramin wake, a zuba miyar tumatir da soyayyiyar albasa. Gyaran da ya ke bukata kawai shi ne a yawaita adas, a rage taliya da mai. Miyar mulukhiyya kuwa, wadda Masarawa ke alfahari da ita, ba wata aba ba ce illa lalo.

Ga kuma wata dabara da ba ta cin ko ƙirshi. Wake da ganye suna da sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke bukata don yin jini, amma hanji ba ya tsotse shi da sauƙi. Lemun tsami da tumatir da ɗanyen tattasai su kan taimaka a tsotse shi, shayi kuwa ya kan hana. To, al'adar Masarawa ce su kora abinci da baƙin shayi mai kauri. Saboda haka a kan shawarci iyali su matsa lemun tsami a kan ful, su kuma jinkirta shayi kamar sa'a guda bayan cin abinci. Gwamnati ma ta bi ta wata hanyar: a 2008 ta fara zuba sinadarin ƙarfe cikin garin gurasa da taimakon Hukumar Abinci ta Duniya, shirin ya tsaya bayan 'yan shekaru, sa'an nan aka farfaɗo da shi a 2025.

Da Ruwan Ciki A Kan Ja Na Rijiya

Amma fa ilmi ba ya sayen ƙwai. Bayan da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren a 2022, darajar fam ta faɗi warwas, kuma cikin 2023 akwai watannin da farashin abinci ya hau da fiye da kashi 70 cikin 100 a kan na shekarar da ta gabata. Kuɗin kaza ya ninka fiye da sau biyu. Cikin wannan hali ne Cibiyar Abinci Mai Gina Jiki ta Ƙasa ta ba da shawarar cewa ƙafafun kaji suna iya maye gurbin nama. Jama'a suka fusata ƙwarai, suka ɗauki maganar a matsayin cin fuska. Ko da shawara tana da ƙamshin gaskiya, in ta zo daga sama ba tare da la'akari da mutuncin mai ji ba, sai ta koma zagi.

Masana a Alƙahira sun daɗe da gane cewa dole ne ilmi da abin hannu su tafi tare. A 2009 aka yi wani gwaji a unguwar Ain al-Sira, kusa da tsohon birni, ƙarƙashin jagorancin Dokta Haniya Sholkami ta Jami'ar Amurka da ke Alƙahira, tare da ma'aikatar kula da jin daɗin jama'a. Aka zaɓi iyalai ɗari da 'yan kai, a na ba iyaye mata kuɗi a hannunsu kowane wata, bisa sharaɗin su sa yara makaranta, su kai su awo, su kuma halarci taron faɗakarwa. Irin wannan tsari ne aka faɗaɗa a 2015 da sunan Takaful da Karama, da rancen Bankin Duniya, wanda daga baya ya game iyalai fiye da miliyan 4. Da aka auna shi a 2018 an ga iyalan da ke karɓar kuɗin sun ƙara sayen 'ya'yan itatuwa da nama da kaji. A 2017 kuma aka soma wani reshe na musamman don masu ciki da masu shayarwa, mai suna Kwana 1,000 Na Farko, wanda ya haɗa tallafi da darasi.

Ƙungiyoyin sa-kai su ma ba a bar su a baya ba. Bankin Abinci na Masar, wanda aka kafa a 2006, ya kan tattara abincin da ba a taɓa ba daga manyan otal-otal da wuraren biki, ya kuma rarraba kwalayen kayan abinci ga mabukata kowane wata. Wasu kuwa sama suka duba. Mutanen Alƙahira sun saba kiwon kaji da agwagi da tantabaru a saman benayensu, har murar tsuntsaye ta 2006 ta sa aka hallaka da yawa, gidaje suka rasa ƙwan da su ke ba yara. A 2011 wasu 'yan'uwa biyu, Sharif da Tariƙ Husni, suka kafa wani kamfani mai suna Schaduf, watau jigo, wanda ya koya wa iyalai a unguwannin talakawa shuka latas da sauran ganyaye a saman bene, cikin kwatami mai ruwa da taki, ba tare da ƙasa ba, su ci wani su sayar da wani.

Abin Lura Ga Sauran Birane

Kano da Yamai da Accra da Khartum duk suna bin hanyar da Alƙahira ta riga ta bi. Jama'a na barin ƙauye, mata na fita neman abin kai, taliyar leda da lemon kwalba da biskit suna maye gurbin kunun gyaɗa da fura da kwaɗon zogale, ciwon sukari da hawan jini kuma suna shiga gidajen da ba su gama rabuwa da tamowa ba. Abin da shekaru 80 na ƙoƙarin Masar suka nuna shi ne, gwamnati na iya cika ciki da hatsi mai araha, amma ginuwar yaro a hannun mai riƙe da ludayi ta ke. Ita kuwa ta fi jin maganar maƙwabciyarta a kan ta takarda, ta fi karɓar gyara a kan abincin da ta saba dafawa a kan a kawo mata baƙo, kuma ba ta iya aiki da shawarar da ta fi ƙarfin kuɗin cefanenta. Inda aka kiyaye waɗannan, kamar a zamanin mahlul, yara sun rayu. Aikin da ke gaban jagororin Alƙahira a yanzu shi ne ƙarancin jinin nan da ya kama yara 43 cikin 100 a ƙididdigar 2021, kuma da ƙwai guda da ɓarin lemun tsami su ke fara shi a kowane gida.